Benen Gidanmu: Daga Jan Fenti Zuwa Gaban Alƙali

Gidanmu yana cikin birnin Kano, a bakin wani lungu da adaidaita sahu ke ratsawa da ƙyar, tifa kuwa ba ta ma gwadawa. Kakanmu ne ya gina shi da tubalin ƙasa da azara. Mahaifinmu ya zo ya ɗora wa ɗakunan kwano, ya yaɓe fuskar gidan da siminti, har baƙo kan ɗauka ginin bulo ne. Soro ne a gaba, sai tsakar gida mai ɗakuna biyar, ga madafi, ga rijiya, ga banɗaki can a kusurwa. A nan aka haife mu mu bakwai, maza uku mata huɗu, kuma tun da Baba ya rasu ba wanda ya taɓa ɗaga maganar gidan. Hajiya tana ciki, Auta yana ciki, ranar Juma'a kowa ya zo da 'ya'yansa. Shi ke nan.

A Agustan 2023 aka yi wani ruwa na kwana biyu, da safe muka tarar bangon ɗakin Hajiya ya dare tun daga sama har ƙasa, hannun yaro yana shiga. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Shekara da shekaru ana ciko a lungun, daga baya aka shimfiɗa masa intalok, sai hanya ta koma sama gidan ya koma ƙasa. Ruwan da dā yake fita ta ƙofar soro yanzu a gindin bango yake kwana. Yaɓen simintin da Baba ya yi kuma, wanda muke alfahari da shi, shi ya riƙe danshin a ciki. Ginin ƙasa yana son ya sha iska ya bushe. In ka rufe shi da siminti, daga waje ka ga bango lafiya lau, daga ciki kuwa ya zama kunu.

Yayanmu babba ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, mutum ne mai zafin nama, in abu ya zo masa da safe yana so kafin la'asar an gama. A ranar ya yanke: ba faci za a yi ba. A rushe soro da ɗakin Hajiya, a yi shaguna biyu a gaba, a sake mata ɗaki na bulo, a ɗora bene a sama, ɗaki da falo, tunda dama an sa ranar auren Auta. Kuɗi nasa ne. Muka ce Allah ya saka da alheri, ba wanda ya ce uffan bayan wannan, har da ni da nake taƙama da boko.

Kafin damina ta ɗauke ya sayi siminti buhu ɗari ya jibge a ɗakin da ba kowa, ya yi odar bulo, ya kawo wani birkila da ya taɓa yi masa shago. Zane kuwa a bayan kwalin atamfa aka yi shi, da biro. Birkilan ya ce zai kafa ginshiƙai shida, ya zuba dakin, wato rufin kankare, a kai, kuma tunda wurin ya yi ƙunci, a ɗan turo ginshiƙan gaba su hau kan lambatu, benen ya leƙo kan lungu kamar yadda wasu maƙwabta suka yi. A Nuwamba aka rushe soro. An haƙa ramuka huɗu, an ɗaura rodi a biyu, sai ga ma'aikatan hukumar tsara birane, KNUPDA, wadda tsofaffi har yau suke kira KASEPPA da sunanta na dā. Suka tambayi takardar izini, babu. Suka shafa jan fenti a ragowar katangar, suka bar takardar dakatar da aiki, suka tafi.

A wani lokacin da sai Yaya ya ce a ci gaba da daddare. Amma a Yunin shekarar ne kowa ya ga yadda sabuwar gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi, gine-gine na manyan mutane. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Aiki ya tsaya, gida ba soro, muka kafa langa-langa muka rataya buhu a matsayin ƙofa.

Abin da ya fara yi shi ne abin da yawancinmu kan yi, neman wanda ya san wani. Aka haɗa shi da wani mutum mai yawo da jakar takardu, ba ma'aikacin ko'ina ba ne, ya ce sati biyu sun yi yawa. Ya karɓi kuɗin mota, ya dawo ya karɓi na "buɗe fayil", daga nan wayarsa ta daina shiga. Sai a lokacin aka tuna da ni, aka ce in je da kaina in ji abin da ake bukata.

Ni ma da hujjata na tafi: ai ba sabon gini muke yi ba, gyara ne, gidan ya girmi hukumar ma. Ma'aikacin da na samu ya bar ni na gama, sannan ya yi min bayani a tsanake. Fenti, canza kwano da ya tsufa, sake daɓe, waɗannan gyara ne. Amma rushe bango a sake wani, ɗora hawa a kan hawa, mai da soro shago, wannan gini ne a idon doka, ko da gidan tun zamanin Dabo yake. Daga baya na bibiya na ga haka abin yake tun daga tushe. Dokar tsara birane da yankuna ta tarayya ta 1992 ta wajabta neman izini kafin irin wannan aiki, kuma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta shigar, ta ce tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Saboda haka kowace jiha da hukumarta da ƙa'idojinta.

Ya lissafa min abin da za mu kawo: zanen gini daga mai zane mai rajista, zanen ƙarfe da lissafin nauyi daga injiniya mai rajista tunda bene ne, taswirar filin daga safiyo, shaidar biyan haraji, kuɗin dubawa da za a biya a karɓi rasit. Duk ina rubutawa ina gyaɗa kai. Sai ya ce, "Da shaidar mallaka. Gidan na waye?"

Na ce namu ne.

Ya ce, "Ku wa? Sunan wa za mu rubuta a fayil?"

A nan aikin ya tsaya na wata huɗu, kuma ba hukuma ce ta tsayar da shi ba.

Abin da muke da shi a akwatin Baba wata tsohuwar takarda ce da ajami, mai ɗauke da sunan kakanmu da shaidu uku da duk sun rasu, sai rasitan haraji na zamanin En'e. Ba satifiket. Wannan ba abin mamaki ba ne a cikin birni, inda gidaje da yawa gado ne kan gado, kowa ya san na wane ne, mai unguwa shaida ne, ba wanda ya ga dalilin zuwa ofis. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna, amma ba ta ƙwace gidan wanda ta tarar a cikin gidansa ba. Tana ɗaukar sa a matsayin mai haƙƙin zama, yana iya neman takarda in ya so. Matsalarmu ba ta wannan ba ce. Matsalar ita ce mai haƙƙin ya rasu, kuma ba a raba gadonsa ba.

Kawu, ƙanin Hajiya, shi ya zaunar da mu a tsakar gida ya yi lissafin a ƙasa da tsinke. In aka kasa gidan kashi 80, Hajiya tana da tumuni, wato 10. Saura 70, kowane namiji 14, kowace mace 7. Wannan mai sauƙi ne. Sai dai ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu mata ta rasu shekara uku bayan Baba, ta bar miji da 'ya'ya ƙanana. Kasonta 7 bai koma cikin gida ba, na magadanta ne: miji yana da rubu'i, Hajiya tana da sudusi, ragowar na yaran. Wato mutumin da ya sake aure, muke gaisawa da shi daga salla sai salla, yana da haƙƙi a bangon da muka rushe, kuma marayu suna da haƙƙi, ba wanda ya tambaye su.

Kawu ya dubi Yaya ya ce, "Alhaji, niyyarka mai kyau ce, ba mai musu. Amma in ka zuba miliyoyinka a kan ƙasar da ba a raba ba, ran da ba ka ba mu, 'ya'yanka za su ce benen ubansu ne, 'ya'yan ƙannenka su ce ƙasar kakansu ce. Wa zai raba su?"

Yaya bai ji daɗi ba. Ya ce shi da ya ɗauko kuɗinsa don rufin asirin gida shi ake yi wa kallon mai son cin gado. Ya yi sati biyu bai taka gidan ba. Ni a ganina ba a zarge shi da komai ba, amma na fahimci zafin. A gidajenmu maganar rabon gado tana zuwa ne kamar zagi, kamar wanda ya ɗago ta yana jiran mutuwar tsohuwa ne, shi ya sa ake barin ta har ta ruɓe. Hajiya ce ta kashe wutar. Ta aika aka kira shi, ta ce, "Ni nake so a raba ina da rai. Ba na so a tsaya a kan kabarina ana nuna wa juna yatsa."

Muka je kotun shari'ar Musulunci ta yankinmu, ba don rigima ba, don akwai marayu a ciki, kuma dukiyar maraya ba a sasanta ta a tsakar gida. Alƙali ya tantance magada, ya tura masu ƙima suka yi wa gidan kuɗi yadda yake, da rusasshen soronsa. Mijin marigayiya da 'yan'uwanmu mata biyu suka zaɓi kuɗi, Yaya ya saye kasonsu. Na yaran aka ajiye ta hanyar da kotu ta tsara. Mu da muka rage muka rattaba hannu cewa gidan na tarayya ne a kan kaso sananne, abin da Yaya zai kashe a ginin a rubuta shi daban, shagunan nasa ne, Hajiya kuma tana zaune a ɗakinta iya rayuwarta. Muka wakilta shi ya tsaya a madadinmu. Da takardar kotu da awon safiyo muka nufi ofishin filaye muka buɗe fayil, sannan muka koma kan maganar zane.

Mai zanen da muka samu ta hannun wani abokin aikina ya nuna min hatiminsa na ARCON, hukumar da ke yi wa masu zanen gini rajista tun 1969, injiniyan da ya kawo kuma na COREN, ta injiniyoyi, wadda aka kafa a 1970. Dā ina ɗaukar waɗannan hatimai a matsayin hanyar cin kuɗi kawai. Injiniyan yaro ne, bai kai Auta ba, har Yaya yana ce masa "ɗan samari". Ya ƙi zana komai sai an haƙa masa ramukan gwaji. A na farko da na biyu aka samu jar ƙasa mai tauri. A na uku, daidai inda birkilan farko ya ɗaura rodin ginshiƙin kusurwa, lebura yana sara sai diga ta nutse. Baƙar ƙasa ce mai laushi, da fasassun tukwane da toka. Aka kira Hajiya ta leƙa, ta ce, "Af, ai nan tsohuwar shadda take. Tun ina amarya aka cike ta."

Ba wanda ya yi magana na ɗan lokaci. Kowa a Kano yana tune da benen nan mai hawa uku da ake ginawa a titin Beirut, wajen kasuwar waya, wanda ya rufta kan mutane ranar 30 ga Agustan 2022. Namu hawa ɗaya ne, amma ƙarƙashinsa ɗakin Hajiya ne. Tun daga ranar Yaya ya daina cewa ɗan samari, ya koma "Injiniya".

Zanen da ya fito bai yi kama da na bayan kwali ba. An gusar da ginshiƙin kusurwa, an faɗaɗa gindin sauran. An janye ginin gaba ɗaya daga kan lambatu, shago biyu suka koma ɗaya da ɗan ƙaramin soro, abin da ya faranta wa Hajiya rai, don ita dama ba ta ga yadda za a ce gida ba soro ba, baƙo ya yi sallama a ina? An ɗaga daɓen sabon sashen sama da lungu, an fitar da hanyar ruwan tsakar gida zuwa lambatu da bututu. Injiniya ya kuma hana a jingina ko da bulo ɗaya a kan tsohon ginin ƙasa. Sabon gini ya tsaya da ƙafarsa, tsohon ya tsaya da tasa.

Saura maƙwabci, wanda ba ya cikin jerin takardun da aka lissafa min, amma ya fi kowace takarda nauyi. Bangonmu na gabas ɗaya ne da na wani dattijo, abokin Baba, azarar ɗakinsa ma a cikinsa take. Tun ranar da aka fara rushe soro ya daina amsa gaisuwar Yaya da sakin fuska, mu kuma ba mu lura ba. Da zane ya fito muka ɗauka muka je da Kawu da mai unguwa. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, sai ya ɗora yatsa a kan tagar falon sama. Ya ce, "Wannan ina take kallo?" Tsakar gidansa take kallo, inda iyalinsa ke girki da wanki.

Limamin unguwa, da aka kai masa maganar, bai tsawaita ba. Ya kawo hadisin "la darara wa la dirara", ba cuta ba cutarwa, ya ce malaman Malikiyya sun daɗe da yin hukunci a kan tagar da ke leƙa gidan wani, har suna kawo abin da aka ruwaito daga Sayyidina Umar: a ajiye gado a bayan tagar, mutum ya hau ya tsaya, in yana hango cikin gidan maƙwabci a toshe ta. Ya kuma tuna mana hadisin da ya hana mutum hana maƙwabcinsa kafa itace a bangonsa, don haka azarar dattijon ba abin taɓawa ba ce. Aka mai da tagar ta zama siririya can sama kusa da silin, don iska da haske kawai, manyan tagogin suka koma kallon lungu da tsakar gidanmu. Matakalar bene ma aka yi mata katanga ta gefensa. Sabon bangonmu aka ja shi baya kaɗan, aka bar na tarayya yadda yake. Dattijon ya ce, "Yanzu kun zo. Da ubanku ne, kafin ya sayi bulo zai fara shigowa nan." Muka ce a yi haƙuri, Baba.

Wannan gyaran ya sa aka sake buga zanen, aka sake hatimi. Muka miƙa, muka biya abin da aka yanka mana muka karɓi rasit, jami'ai suka zo suka auna tazarar da ke tsakanin ginin da lungu, suka dawo da fayil sau ɗaya a gyara wurin ramin ruwan banɗaki da ya matsi rijiya. Bayan 'yan makonni zanen ya fito da hatimin amincewa. A duk tafiyar nan, wannan ne ɓangaren da ya fi gajarta.

Jinkirin ya ci kuɗi, ba zan ɓoye ba. Lokacin da Yaya ya sayi siminti buhu yana wajen naira 5,000. A Fabrairun 2024 ya haura 10,000 a wurare da yawa, har gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka ce a sayar tsakanin 7,000 da 8,000. Sai mu ce ai mun ci riba da muka saya da wuri. Ina! An jibge buhunan a kan daɓen ɗaki mai danshi, ba katako a ƙasa, wata shida. Da aka buɗe, na ƙasa sun zama dutse, na tsakiya sun yi gudaji. Injiniya ya murƙushe wani a tafin hannunsa, ya ce wanda ya rage a yi daɓen tsakar gida da shi, amma ba zai shiga ginshiƙi ko dakin ba. Rodi ma ya tashi. Yashi da tsakuwa kuwa a bakin titi tifa ke zubewa, 'yan baro su yi ta jigila, kowane sawu da kuɗinsa, abin da ba wanda ya sa a lissafin farko.

Aka zauna aka sake yanka rigar daidai jiki. Aka kasa aikin biyu: a gama ƙasa a zuba dakin kafin ruwa ya sauka, bene sai hali ya yi. Ranar zuba dakin injiniya ya zo tun asuba ya ƙirga rodi da kansa, ya tsaya a kan masu kwaɓi kada a ƙara ruwa don sauƙin shebur. Ya ce a yi ta ba shi ruwa safe da yamma, kuma kada a cire gorar da ta tokare shi sai bayan sati uku, don kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Sabon birkilan ya so ya cire a kwana goma ya kai katakon wani aikin. Hajiya ce ta hana, tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno a bakin wurin da carbinta.

An ɗaura auren Auta bayan babbar salla, ya kama haya a Rijiyar Zaki, yana jiran sama. Shagon an ba wani tela. Rodin ginshiƙai yana nan tsaye a kan dakin, an shafe shi da ruwan siminti saboda tsatsa, zanen mai hatimi kuma yana cikin akwatin Baba tare da takardar ajami da ta kotu, kwafinsa a hannun kowannenmu. Jan fentin ya tafi da tsohuwar katanga.

Hajiya ta koma sabon ɗakinta, ruwa bai ƙara shigar mata ba. Amma da bazara ta zo ta sa aka mayar mata da gadonta ɗaya daga cikin tsofaffin ɗakunan ƙasa na ciki. Ta ce na bulon da rana tanda ne, da daddare ma bai san an yi magariba ba. Yanzu a can take ajiye buhun shinkafa da kayan jikoki.